Ɗaya na ɗauke da HIV, ɗaya ba ya ɗauke: tambayoyin ma'aurata a ɗakin ba da shawara

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ma'aurata idan aka zaunar da su kan maganar HIV, musamman inda gwaji ya nuna ɗaya yana ɗauke da ƙwayar cutar, ɗayan kuma ba ya ɗauke da ita. Amsoshin ba za su maye gurbin likitan da ya ga takardunku ba, amma za ku shiga wurinsa kuna sane da abin da za ku tambaya.

Me ya sa ake son mu je gwaji tare? Kowa ya je nasa mana.

Wanda ya je shi kaɗai yakan fito da kaya biyu: sakamakon, da nauyin yadda zai faɗa a gida. Na biyun ne ke kayar da mutane. Sai ka ga mutum ya shekara yana cusa kwalbar magani a ƙasan akwati, duk ranar da abokin zama ke kusa kuma ya tsallake sha. Idan aka ji sakamako tare a gaban mai ba da shawara, an sauke wannan nauyin a zama ɗaya. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan gwajin ma'aurata tare, kuma sharaɗinta na farko shi ne yardar kowannensu. Wanda aka jawo da ƙarfi, a bar shi ya yi nasa daban.

Yaya zaman yake gudana?

Kafin a taɓa jinin kowa, ana neman ku amince da abu huɗu: za ku ji sakamako tare, kowa zai riƙe sirrin ɗan'uwansa, ku biyu za ku yanke wanda za a faɗa wa a waje, sannan magana za ta tsaya kan yau da gobe, ba tonon abin da ya wuce ba. Gogaggen mai ba da shawara zai kuma samo dalilin keɓewa da kowannenku na 'yan mintuna, don ya ji ko akwai duka ko barazana a gida. Idan akwai, ba a ba da sakamako tare.

Daga nan a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan abin gwaji, a jira kamar minti 15 zuwa 20. Idan gwajin farko ya nuna alama, ba a yanke hukunci da shi. Tun 2019 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sai gwaji iri uku daban-daban sun nuna alama a jere, kuma a sake gwadawa kafin a fara magani, don kada a yi kuskuren haɗa jinin wani da sunan wani.

Ana faɗin sakamako kai tsaye, ba kwana-kwana: "Malam, Malama, sakamakonku bai zo ɗaya ba. Na Malam ya nuna akwai ƙwayar cutar, na Malama ya nuna babu." Sai ya yi shiru. Da gangan yake yin shirun, domin a wannan lokacin ba wanda ke jin bayani. Sai an numfasa ake shiga tsari, kuma bai kamata ku fita ba tare da ranaku a rubuce ba: ranar fara magani, ranar da marar cutar zai sake gwaji, da ranar gwajin yawan ƙwayar cuta a jini.

Shekara bakwai muna tare da maigidana, har da yara. Ya aka yi yana da ita ni ba ni da ita?

Abu ne da ake gani kullum. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, har zuwa rabin masu ɗauke da HIV da ke cikin zaman aure ko makamancinsa, abokan zamansu ba sa ɗauke da ita. Dalili shi ne ba kowace saduwa ke yaɗa ta ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a saduwa 10,000 ba kariya ba magani, mace takan kamu a kusan 8, namiji a kusan 4. Wanda aka sadu da shi ta dubura kuwa, 138.

Amma kada wannan lissafin ya yaudare ki, matsakaici ne kawai. Haɗarin yakan yi tashin gwauron zabo a makonnin farko bayan mutum ya kamu, lokacin da ƙwayar ta cika jini, da kuma idan ciwon ya yi nisa ba magani. Gyambo a gaba, ciwon sanyi, tunjere, ko saduwar da ta sa fata ta tsage, duk suna buɗe mata ƙofa. Shekara bakwai da kika yi lafiya ba ta nuna jininki ya fi ƙarfinta ba. Ba ta same ki ba ne tukuna.

To ashe cin amanata aka yi?

Gwaji ba ya faɗin ranar da aka kamu, ba ya kuma faɗin hanya. Mutum zai iya ɗaukar ƙwayar shekara takwas ko goma bai ji komai ba, don haka tana iya girmar auren kansa. Akwai kuma ƙarin jini da ba a tantance ba, da allurar da aka yi wa wani aka sake amfani da ita, da waɗanda aka haifa da ita. Mai ba da shawara ba alƙali ba ne, ba zai rantse miki cewa ba a ci amana ba, ba zai ce an ci ba. Abin da zai tambaya a keɓe shi ne ko akwai wani ko wata da ake tarayya da su yanzu, domin su ma suna bukatar gwaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Nawa ya nuna babu. Shi ke nan na tsira?

Tsugune ba ta ƙare ba. Gwajin gaggawa na ɗan yatsa yawanci ba ƙwayar yake nema ba, martanin da jiki ya mayar mata yake nema, kuma wannan yana ɗaukar kwana 23 zuwa 90 kafin ya bayyana. Gwajin ɗakin bincike na jinin jijiya yana ganowa tsakanin kwana 18 zuwa 45. Saboda haka a ƙirga daga saduwa ta ƙarshe da ba kariya, a sake gwaji bayan wata uku. Idan a tsakanin nan aka yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ƙuraje a jiki da kaluluwa, a koma asibiti da wuri a faɗa musu halin da ake ciki. Bayan haka, marar cutar ya riƙa gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara, mai shan maganin rigakafi kuma duk wata uku.

Da gaske ne wanda ke shan magani ba ya yaɗa ta?

Da gaske ne, da sharaɗi ɗaya: sai gwaji ya tabbatar maganin ya danne ƙwayar. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk shafin nan, don haka bari mu tsaya a kanta.

A 2011 binciken HPTN 052 ya bi ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara. An raba su biyu, wasu suka fara magani nan take, wasu aka jinkirta musu bisa ƙa'idar wancan lokacin. Cikin mutum 28 da aka tabbatar daga abokan zamansu suka kamu, ɗaya tak ne daga ɓangaren da aka fara magani da wuri. Raguwar kashi 96 cikin ɗari ke nan. Da aka kammala binciken, an samu mutum takwas da suka kamu bayan abokin zama ya fara magani, kuma a nan darasin yake: huɗu sun kamu ne kafin maganin ya gama danne ƙwayar, huɗu kuma bayan maganin ya daina aiki. Ba ko ɗaya da ya kamu alhali ƙwayar na danne.

Binciken PARTNER a Turai, wanda aka wallafa a 2016, ya bi ma'aurata 888 da suka sadu kusan sau 58,000 ba kwaroron roba, mai cutar kuma yawan ƙwayarsa na ƙasa da 200 a mililita ɗaya na jini. Mutum 11 sun kamu, amma da aka kwatanta ƙwayar jikinsu da ta abokan zamansu, ba wadda ta zo ɗaya. Daga waje suka ɗauko. Maganin da mijinki ke sha daga shi kaɗai yake kare ki.

Lura da abin da ake aunawa. Ba ƙiba ba, ba hasken fata ba, ba "ai ina shan magani kullum" ba. Lamba ce a takarda.

Yaya ake karanta wannan takardar?

Tana nuna adadin ƙwayoyin cuta a cikin mililita ɗaya na jini. Idan ka ga haruffan TND, ko an rubuta ƙasa da 20, ƙasa da 40 ko ƙasa da 50, ma'ana ƙwayar ta yi ƙarancin da na'ura ba ta iya ƙirga ta. Ƙasa da 200, ba a yaɗawa ta saduwa. Daga 200 zuwa 1,000, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 haɗarin ya kusa zama babu, amma alama ce a duba yadda ake shan magani, kuma a ganinmu a dawo da kariya har a ga sakamako na gaba. Sama da 1,000, akwai matsala: a koma kan kwaroron roba ko rigakafi nan take, a gyara shan magani, a sake gwaji bayan wata uku. Idan bai sauka ba, likita ya duba ko ƙwayar ta bijire wa maganin.

Ana yin gwajin wata shida bayan fara magani, sai a wata 12, sannan duk shekara. Ma'aurata da suka dogara da shi don barin kwaroron roba, gara su nemi a riƙa yi duk wata shida inda hakan zai yiwu. Kuma marar cutar ya ga takardar da idonsa. Ba rashin yarda ba ne, lafiyarsa ce a rubuce a jiki.

Me ke sa lambar ta tashi ga mai shan magani?

Tsallake sha ne kan gaba. Idan aka daina gaba ɗaya, ƙwayar kan dawo cikin mako ɗaya zuwa biyu, mutum kuma bai ji wani canji a jikinsa ba. Tafiya ba tare da isasshen magani ba, da bari kwalba ta ƙare kafin a je karɓo wata, su suka fi jawo haka. Wanda ya manta ya sha da zarar ya tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, kuma ba a haɗa biyu.

Na biyu, wanda mutane ba su cika sani ba, karo da wasu magunguna. Ƙwayar maganin HIV da aka fi bayarwa yanzu, wadda ake kira TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir ce, guda ɗaya a rana. Maganin ƙwannafi mai sinadarin aluminiyam ko magniziyam, da ƙwayar ƙarin jini, da kalsiyam, suna kama dolutegravir a cikin hanji su hana shi shiga jini. A sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Masu ciki su lura, tunda kusan duk ana ba su maganin ƙarin jini. Mai shan rifampicin na tarin tibi kuwa, ana ƙara masa miligiram 50 na dolutegravir awa 12 bayan na farko, domin rifampicin yana sa hanta ta ƙone shi da sauri. Duk abin da ake sha, har na itatuwa, a nuna wa likita.

To a watanni shidan farko, kafin a ga lamba, me za mu yi?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi sakaci, don an ɗauka fara magani ya wadatar. A cike wannan giɓin da kwaroron roba, ko da maganin rigakafi da marar cutar ke sha, wanda ake kira PrEP, ko duka biyun. A binciken Partners PrEP da aka yi a Kenya da Yuganda kan ma'aurata sama da 4,700, haɗin tenofovir da emtricitabine ya rage kamuwa da kashi 75 cikin ɗari, a wurin waɗanda aka ga maganin a jininsu kuma kusan kashi 90.

Kafin a fara, dole gwaji ya nuna babu HIV. Wanda ya riga ya kamu ya hau PrEP, magani biyu yake sha a inda ake bukatar uku, ƙwayar kuma za ta iya bijirewa. Ana duba ƙoda, musamman ga masu shekaru, da ciwon hanta nau'in B, domin mai shi idan ya tsayar da tenofovir kwatsam hantar na iya tayarwa. Mace tana bukatar kwana bakwai tana sha kullum kafin ta dogara da shi, idan za ta daina kuma ta ƙara kwana bakwai bayan saduwa ta ƙarshe. Tashin zuciya da ciwon kai na farko yawanci suna wucewa cikin 'yan makonni.

Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, akwai allurar cabotegravir duk wata biyu bayan biyun farko da ake yi da tazarar wata ɗaya, da allurar lenacapavir sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2025, da zoben dapivirine da mace ke sawa ta canza duk wata, kodayake kariyarsa ba ta kai ta sauran ba. Ba ko'ina ake samun su ba, a tambaya.

Idan takarda ta nuna ƙwayar ta dannu, ana iya ajiye PrEP. A ci gaba da shi idan mai cutar ba ya shan magani yadda ya kamata, ko ba ya nuna sakamako, ko akwai wata hulɗa a waje.

Muna sa kwaroron roba amma yana yawan fashewa. Ina matsalar take?

Kusan kullum ɗaya ce daga cikin waɗannan. Mai: man shafawa, basilin ko kowane irin mai yana cin robar cikin mintuna, don haka sai man santsi na ruwa ko na silikon. Iska: a matse kan da yatsu biyu kafin a warware shi har gindi, in ba haka ba iskar da ta maƙale ta fasa shi. Zafi da tsufa: wanda ya daɗe a aljihu ko a mota, ko kwanan watansa ya wuce, a jefar. Bushewa na jawo gogayya. Sa biyu a haɗe ma haka. Ba a yage ledar da haƙori. Idan aka ɗora shi a juye ya taɓa kan gaba, a ɗauki sabo. A sa kafin a fara, ba sai an kusa gamawa ba, sannan a riƙe gindinsa a fita tun gaba bai kwanta ba.

Ya fashe daren jiya, kuma bai daɗe da fara magani ba.

Ki tafi asibiti yau ki nemi PEP, wato maganin gaggawa na hana kamuwa bayan saduwa mai haɗari. Magani uku ne, ana sha kwana 28, kuma dole a fara cikin awa 72, cikin awa 24 ya fi. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Kada ki wanke cikin farji da sabulu ko wani sinadari, ƙara raunata fata yake yi. Ki tambayi maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa idan ba kya son ciki, ki sake gwaji bayan wata uku. Da a ce takardarsa ta baya-bayan nan ta nuna ƙasa da 200 kuma bai tsallake sha ba, ba kya bukatar PEP.

Za mu iya haihuwa?

Ƙwarai. A jira sakamakon da ya nuna ƙwayar ta dannu, a yi wa kowa gwajin sauran cututtukan saduwa a magance su, sannan a nemi ciki kamar kowa. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya ƙara da PrEP, ko a taƙaita saduwa ba roba ga kwanakin ɗaukar ciki, wato kwana biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Idan matar ce mai cutar, akwai hanyar da ba ta da haɗari ga miji ko kaɗan: a tara maniyyi a ƙoƙo mai tsabta, a zuƙa da sirinji marar allura, a zuba a farji.

Ga jariri, idan ba a yi komai ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari suna kamuwa daga uwa. Da magani yana sauka ƙasa da kashi 5, inda ƙwayar ta dannu tun kafin ciki kuma ƙasa da haka nesa. Ana ba jaririn maganin ruwa na makonnin farko, a gwada shi a mako huɗu zuwa shida, a kuma sake bayan yaye. Shayarwa dai maganarta daban: magani yana rage haɗarin ƙwarai, amma ba a kai ga cewa babu shi ba kamar yadda aka ce a saduwa. Matar da ba ta da cutar amma mijinta na da ita, a sake gwada ta a watannin ƙarshe na ciki da lokacin shayarwa, domin wadda ta kamu a wannan lokacin ta fi kowa saurin ba wa jariri.

Ƙwayar tazarar haihuwa da allura da robar mahaifa ciki suke hanawa, ba HIV ba.

Dukkanmu muna ɗauke da ita. Akwai sauran abin kiyayewa?

Kowa ya sha nasa, ba a aron magani, ba a raba kwalba ɗaya biyu. Idan ku biyun ƙwayar ta dannu, ba abin damuwa. Idan ta ɗaya ta tashi, ana iya ɗaukar wani nau'in a kan wanda ake da shi, har da mai bijire wa magani. Ba ya yawan faruwa, amma ya isa dalilin sa roba har lambar ta sauka. A kai yara gwaji.

Kaciya tana karewa?

Gwaje-gwaje uku a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda, tsakanin 2005 da 2007, sun nuna tana rage kamuwar namiji daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ba ta kare mace daga miji mai cutar. Babban da aka yi wa ya haƙura da saduwa mako shida har ya warke.

Sai mun raba ƙoƙon sha da shimfiɗa?

A'a. Yawu, gumi, sumba, bayan gida ko cizon sauro ba sa yaɗa ta. Reza da buroshin haƙori ne kawai kowa ya riƙe nasa.

Na riga na san ina da ita, amma na kasa faɗa masa.

Akwai hanya huɗu da ma'aikatan lafiya ke bi. Ki faɗa da kanki, bayan an gwada miki kalmomin da za ki yi amfani da su. Ko ku yi alkawari da ma'aikaciya cewa idan wa'adi kaza ya cika ba ki faɗa ba, ita za ta tuntuɓe shi. Ko ta gayyace shi gwaji ba tare da ambatar sunanki ba. Ko ku zo tare a faɗa a gabanta. Dukkansu sai da yardarki.

Idan za ki faɗa a gida, ba a tsakiyar faɗa ba, ba kuma a shimfiɗa ba. Ki zaɓi rana, da wani da kika yarda da shi a kusa, ki tanadi amsar tambayoyi biyun da za su fara fitowa: "Ni fa?" da "Yaran fa?" Amsar duka biyun gwaji ne, don haka ki san inda za a je da lokacin da ake buɗewa. Idan kuwa ya taɓa dukanki ko ya yi miki barazana, ki gaya wa ma'aikaciyar haka a fili. A irin wannan hali faɗa yana iya jira, magani ne ba ya jira: ki fara sha yau, a rubuta miki ranar gwajin wata shida, a kuma tsara inda za ki kwana da wanda za ki kira kafin a buɗe maganar.